Ɗan Itacen da Ya Kayar da Baba

Zuwa ga mahaifiyata, Umma.

Amincin Allah da rahamarSa su tabbata a gare ki. Ina gaishe ki gaisuwar 'ya ga uwarta, daga nan Al Nahda, unguwar da muke zaune a bakin iyakar Dubai da Sharja. Ina fata kina cikin ni'imar Ubangiji, makwancinki da haske da yalwa. Mu nan lafiya lau muke, ni da surukinki. Na san ba idonki ne zai karanta wannan ba, mutane ne za su gani a wayoyinsu. Amma ke nake yi wa magana, don da kina raye ke zan fara bugo wa kafin kowa ya ji.

Labarin Baba ne. Kada gabanki ya faɗi, alheri ne. Sai dai dole in faro miki daga inda babu daɗi.

Tun da kika rasu Baba ya daina cin abinci. Ba wai ya fito ya ce ba zai ci ba, kin san shi ba ya haka. Za a kai masa, ya buɗe kwano, ya yi bisimilla, ya kai loma ɗaya ko biyu, sai ya wanke hannu ya ce, "Alhamdu lillahi, na ƙoshi." Matar Yaya Lawan ta yi iya ƙoƙarinta, babu irin girkin da ba ta gwada ba. Kwanon yana shiga ɗaki a cike, yana fitowa a cike. Ga shi kuma bai fasa shan maganin suga ba, yadda kika saba masa, kullum a kan lokaci. Magani a kan cikin da babu komai. Rannan bayan sallar azahar ya yanke jiki ya faɗi a masallacin unguwa, sai ɗauko shi aka yi. A asibiti suka ce sugan ne ya yi ƙasa sosai, kuma da an ƙara jinkiri da labarin ya canza.

Yaya ya kira ni, ko gaisuwa ba mu gama ba ya ce, "Saude, ke ce kika karanci abinci. To ga mahaifinki nan." Aka nema masa bizar ziyara, aka sa shi a jirgi.

Da na hango shi a filin jirgi ban gane shi da wuri ba. Rigarsa ta yi masa yawa, hularsa ta zurmo har kan kunnuwa. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa da fara'a, ya tambayi aiki. Na ce bari in zaga, na shiga banɗaki na yi kukana, na wanke fuska na fito.

Kin san aikina: tsara wa marasa lafiya abinci a asibiti, wannan ya rage gishiri, wancan ya ƙara ganye. Har yau ina jin muryarki kina tsokanata, "An tura ki jami'a ki koyo girki, ga ni a madafi ban rufe ƙofa ba." To Umma, da kin ga 'yarki ta jami'a a makonnin nan da kin yi dariya, ko da yake na san tausayi zai biyo baya. Na kai shi wurin likita, aka duba maƙogwaro, aka duba ciki, aka ɗebi jini. Babu abin da ya hana shi ci. Likitar ta rage masa ƙarfin maganin, ta dube ni ta ce sauran aikin nawa ne. Na dawo gida na ɗaura zane. Tuwon shinkafa da miyar taushe, dambu, faten wake, farfesun kifi, har ɗanwake na yi da garin da na daɗe ina ɓoyo. Nakan ajiye masa, in koma gefe in tsaya ina ƙirga lomarsa da ido. Shi kuma ya kai biyu ya wanke hannu, ya koma kujerar bakin taga yana kallon motocin da suka yi layi za su shiga Sharja. Surukinki ne ya riƙa share kwanukan, har wandonsa ya fara matse shi.

Bizar ba mai tsawo ba ce, kwanakinta kuma tafiya suke. Tsoro na ji, Umma, ba kaɗan ba. Na san in na mayar da shi Kano a haka, ba gida na mayar da shi ba, kusa da ke na kai shi.

Wata Asabar bayan la'asar surukinki ya ce mu fita da shi. Kin tuna a ofishin kago, na masu aika kaya ƙasashe, yake aiki, can Port Saeed kusa da inda jiragen ruwa na katako ke sauke kaya, don haka ya san lungunan Deira, tsohon ɓangaren Dubai, ciki da bai. Ya ce, "Mutumin kasuwa ne fa, kin ɗauko shi kin kulle a saman bene. Mu kai shi ya ga 'yan'uwansa." Ban so ba saboda zafi, lokacin ƙarshen bazararsu ne, iskar ma jiƙe take da gumi. Amma ba ni da wata dabara da ta rage, sai na ɗauko mayafi.

Muka shiga Al Buteen, tsohuwar unguwar nan ta bakin ruwa, mai ƙananan shaguna da lunguna. Baba yana biye da mu, hannuwa a baya. Muka wuce masu turare bai kalla ba, muka wuce masu yadi bai kalla ba. Can na waiwaya na ga babu shi. Ashe ya tsaya a ƙofar wani ɗan shagon kayan ƙamshi, ya sunkuya a kan wani kwali.

'Ya'yan itace ne a ciki, ƙanana, masu ɗan tsawo, ba su kai dabino ba. Wasu ja wur suna sheƙi, wasu sun yi duhu har sun doshi baƙi. Baba ya ɗauki ɗaya ya murza tsakanin yatsa da babban yatsa, ya kai hanci. Kin san murzawar nan, ita ce wadda yake yi wa tumatir kafin ya faɗi kuɗin kwando. Rabona da ganin hannunsa ya yi ta tun kina da rai. Ya ɗago ya ce, "Wannan ba tsada ba ce?" Yana nufin 'ya'yan tsadar daji, masu tsamin nan da matan ƙauye ke kawowa kina saya mana.

Mai shagon wani tsoho ne ɗan Iran, gajere, mai farin gemu da tabarau a ƙarshen hanci. Surukinki ya shiga tsakani da ɗan Larabcinsa. Tsohon ya ce su a wurinsu zugal-akta ake kiran ta. Ba a gona aka nomo wannan ba, a jikin tsaunukan arewacin ƙasarsu take fitowa da kanta, inda ake sanyi. Ƙaninsa ne ya zo masa da kwali ɗaya, kuma ɗanyarta ba ta daɗewa a kasuwa, in lokacin ya wuce sai busasshiya. Baba ya ce a auna masa. Shi ne abu na farko da ya buɗe baki ya nema tun saukarsa. Da shagon gaba ɗaya ya ce yana so, da na tsaya ciniki.

Muna isa gida ya ce a ba shi faifai. Ina ni ina faifai a Dubai? Na miƙa masa tiren shayi. Ya sauka daga kujera ya zauna a ƙasa, ya naɗe hannun riga, ya juye ledar. Umma, sai ga dillalin kayan gwari ya dawo. Yatsun nan suka shiga aiki, ko kallo ba ya yi sosai. Jajaye masu tauri ya tura dama, waɗanda suka yi duhu suka yi laushi ya tura hagu. Da ya gama ya dubi tarin hagun ya girgiza kai. "An cuce ku," ya ce. "Kusan rabi ruɓaɓɓe ne. Haka kuke sayayya a ƙasar nan, ido a rufe?" Ya ce in kwashe in zubar. Na kwashe da murnata na zubar, don ni ma abin da na gani ke nan. A gidanmu aka haife ni, inda duk abin da ya yi laushi ya yi baƙi, to ko dai a dafa shi yau ko a ba awaki.

Na wanke jajayen, Baba ya raba mana da hannunsa. Muka kai baki tare.

Ban san yadda zan kwatanta miki ba. Tsami da bauri ne suka haɗu suka kama harshe, bakina ya tattare, haƙorana suka mutu. Na dubi surukinki, idonsa ya kawo ruwa, amma kunya ta hana shi tofarwa a gaban Baba, haka ya daure ya haɗiye har yana cewa ba laifi. Baba ya tauna sau biyu ya tofar a tafin hannunsa. Ya ce, "Wannan ba abin ci ba ne. Gobe za mu koma wurin mutumin nan."

Washegari kuwa shi ya riga mu shiryawa. Ya ƙulle jajayen a leda, ya gyara zaman hula, fuskar nan a murtuke irin ta ranar da aka kawo masa kwandon da aka jera masu kyau a sama aka cusa marasa kyau a ƙasa. Da muka isa ya ajiye ledar a kan teburin tsohon, ya ce surukinki ya fassara, kada ya rage komai. Tsohon ya saurara, ya buɗe ledar, ya leƙa, ya tambaya ina baƙaƙen. Aka ce an zubar. Sai ya ɗora hannu biyu a ka, ya yi ta dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce, "La, ya haji, la," wato a'a, Alhaji. Ya tura hannu can ƙasan kwalin ya zaro wadda ta fi kowacce duhu, ta yi laushi har tana neman fashewa, irin wadda Baba ba zai bari ta kwana a rumfarsa ba. Ya miƙa masa.

Baba ya daɗe yana juya ta. Sannan ya jefa a baki. Muna kallonsa, ya tsotsa, ya fito da ƙwallon ya duba. Ni ma aka ba ni ɗaya. Baurin nan duk ya tafi, sai zaƙi mai ɗan tsami-tsami da ƙamshi, kamar ba ita ce ta jiya ba. Tsohon ya yi bayani da baki da hannu: jan nan mai sheƙi yaudara ce, alamar ba ta nuna ba ke nan. A ƙauyensu ba a tsinko ta daga reshe, zane ake shimfiɗawa a gindin bishiyar a jira ta faɗo, ko a ɗan girgiza. Masu taurin kuma a baza su a inuwa, su yi kwanaki, su yi duhu da kansu. Ya dafa kafaɗar Baba ya ce, "Shuwayya, shuwayya." Wato a hankali.

Baba ya ce, "To. Ashe masu kyan muka zubar." Ya ɗauki ledarsa, ya ce a ƙaro masa wasu.

A mota ya ɗora ledarsa a cinya, fuska a ɗaure. Na tsorata, na ce shi ke nan, an taɓa masa abu ɗaya da ya rage yana taƙama da shi. Sai da muka kusa gida ya yi gyaran murya ya ce, "Shekara arba'in ina zaɓen kaya, yau ɗan itace ya kayar da ni a gaban suruki." Ya yi 'yar dariya ta hanci. Surukinki ya rasa inda zai sa kansa, ya ƙura wa titi ido. Ni kuwa na juya fuskata wajen taga, don ban ji wannan dariyar ba tun zaman makokinki.

Daga ranar tiren shayina ya tashi daga aiki. Baba ya baza 'ya'yan a kai, ya ajiye a kusurwar da rana ba ta kaiwa, ya kafa dokar kada kowa ya taɓa. Kullum da safe zai zauna a gabansa, ya juya wannan, ya latsa wancan, ya ware su kashi-kashi: na yau, na gobe, na sai an jima. Kin san halinsa, ba zai yarda a ce akwai kayan da idonsa da yatsansa ba su iya karantawa ba. Sai ya ɗauki ɗaya ya yanke mata hukunci, ya ce wannan ta yi, sannan ya sa a baki ya ga ko ya canka. In ya canka ya ce, "Yauwa." In ya kuskure sai ki ga fuska ta yamutse, ya sake ɗaukar wata.

Ana haka wata safiya ina shirin fita aiki ya ce, "Saude, abin nan yana ƙwaƙule ciki. Babu ɗan abin taɓawa?" Umma, jakata na ajiye a hankali kamar ban ji komai ba, na ce bari in duba. Ina shiga madafi na hau bincike. Akwai sauran ƙullun ƙosai, na soya masa. Ya ci, har ya tambaya ko akwai yaji. Ranar na makara a wurin aiki, kuma ko a jikina.

Kin san ni da bin diddigi, ban iya barin abu ya shiga cikin mai suga ban san mene ne ba. Na je na bincika a littattafan aikinmu. Turawa koneliyan ceri suke ce mata. Tana da bitamin si mai yawa, irin wanda ake nema a lemo, wata ma takan fi lemon. Jan launin nata dangin na zoɓo ne, yana ƙaruwa in tana nuna, kuma yana cikin abubuwan da ke taimaka wa jiki ya kare kansa daga lalacewa. Akwai fotashiyam a ciki, da ɗan kalsiyam, da ɗan sinadarin nan mai ƙara jini. Baurin da ya kusa kashe surukinki kuwa, irin wanda ke cikin goro ne da shayin da ya daɗe a wuta. Shi ne yake ɗaure ciki, shi ya sa tsofaffin Iran suke ba mai gudawa, yadda kike jiƙa mana bagaruwa. Zaƙinta bai kusanci na dabino ko mangwaro ba, wannan ya kwantar mini da hankali. Kuma da yake ta daji ce, ta wannan tsauni ba ta zama daidai da ta wancan, don haka ba a rantsuwa a kan abin da ke cikin kowace ɗaya.

Na ga an gwada ta a kan masu suga da masu kitse a jini, wasu sun ga sauƙi. Amma mutanen da aka gwada ba su da yawa, maganar ba ta kai a kafa hujja da ita ba. Na tambayi likitarsa, ta ce ya ci a matsayin abinci, a ci gaba da awo. Na zo na zaunar da Baba na yi masa wa'azi: kada ya kuskura ya ajiye ƙwayoyinsa, kada ya taɓa busasshiyar da suke barbaɗa wa gishiri saboda hawan jini, kada ya sha ruwanta na kwalba don suga ne zalla. Ya bar ni na kai aya, sannan ya ce, "Na ji, likita. Ni ba magani na saya ba, kaya na saya."

Gaskiyarsa ce. Har yau ban san wanne ya buɗe masa ciki ba, tsamin da ke tsinka yawu ko aikin da ya samu na yi da safe. Littattafaina na farkon kawai suka sani.

Da na tiren suka ƙare, sai ya ce zai bi surukinki. Ya zama kullum da safe su fita tare, a sauke shi a Al Buteen, a ɗauko shi kafin azahar, tun rana ba ta yi tsanani ba. Tsohon ya ba shi kujera a bakin shago. Baba da guntun Larabcinsa na aikin hajji, shi kuma da nasa mai gauraye da yarensu, sauran a cike da hannu. Surukinki ya ce ya taɓa tsayawa daga nesa yana kallonsu, babu mai jin wani sosai, amma gardama suke yi haiƙan a kan busasshen lemon tsami, Baba yana ware masa buhu guda ba a sa shi ba. Tsohon a shago yake karyawa, gurasarsu mai faɗi da cuku da shayi. In ya shimfiɗa ya ce bisimilla, kin san Baba ba zai iya ƙin abincin mutum a wurinsa ba. Haka ya riƙa ci don kunya, har cikin ya saba. Ya fara dawo mana da sababbin kalmomi. In na daɗe ina shiri sai in ji daga falo, "Yalla, Saude." In na dame shi da awon suga ya ce, "Khalas, an gama."

Wata Juma'a ya shigo da ƙulli a hannu. Ɗanyar ta ƙare a kasuwa, wannan busasshiya ce, kuma ya tabbatar mini ya sa an ba shi marar gishiri. Ya ce in jiƙa ta yadda ake jiƙa tsamiya, in dama masa kunu da ruwan. Ina da garin geron da matar Yaya ta haɗo shi da shi. Na jiƙa, na tace, na dama, ban sa suga ba. Kunun ya fito ja-ja, ni kaina ban san ko zai shawu ba. Na zuba a kofi na kai masa, na koma gefe na tsaya yadda na saba.

Ya kurɓa, ya ajiye, ya sake kurɓa. Ya ce, "Ya yi. Amma na Ummanku ya fi kauri." Tun zuwansa bai ambace ki ba, mu ma muna ta kaffa-kaffa kada mu fama masa. Na ci gaba da tsayuwa. Sai ya nuna mini ƙasa kusa da shi ya ce, "Zauna mana. Kin tsaya mini a ka kamar mai gadi."

Na zauna. Yana sha yana magana, idonsa a kan kofin. Ya ce duk zamanku bai taɓa cin abinci a shiru ba. Kina ajiye masa kwano sai ki jawo kujerar tsugunno ki zauna daga gefe, kina tsinkar zogale ko gyaran shinkafa, kina ba shi labarin unguwa: wadda ta haihu, wanda akuyarsa ta ɓata, abin da mai awo ya ce miki da abin da kika mayar masa. Ya ce rabi ma ba ya saurara, har yakan ce ki bar shi ya ci abinci. Bayan rasuwarki matar Yaya takan shigo da sallama, ta durƙusa ta ajiye, ta tashi ta fita ta ja ƙofa, yadda ya kamata suruka mai kunya ta yi. Ba ta yi laifi ba, tarbiyya ce. Ya ce, "Abincin bai gagare ni ba, Saude. Shirun ne ba ya haɗiyuwa."

Na yi kuka a gabansa, bai hana ni ba. Ya miƙo kofin ya ce in ƙaro.

Tun daga ranar na daina tsayuwa. In na kawo abinci sai in zauna in buɗe baki. Ashe na gaje ki ban sani ba. Na ba shi labarin maƙwabciyarmu da ke shanya a barandar da aka hana shanya, da majinyacin da ke ɓoye dabino a ƙarƙashin matashi, da rigimar masu kwantena da surukinki ke kawowa gida. Wataran har ya ce, "Ke, bar ni in ci abinci." Daɗin da na ji ba ya faɗuwa.

Na kira Yaya na gaya masa komai. Ya ce shi fa bai taɓa sa hannu a kwano ɗaya da Baba ba tun yana yaro, da wane ido zai fara yanzu. Na ce ya nemo idon. Ba sai ya iya hira ba, ya zauna kawai ya faɗi farashin siminti, Baba zai samu abin musu a ciki.

Kafin bizar ta ƙare sugan ya daidaita, bai ƙara faɗuwa ba. Kumatunsa sun ɗan ciko, hular ta koma mazauninta. Ya je ya yi sallama da abokinsa, suka rungume juna, tsohon ya cika masa leda da busasshiyar ya ƙi karɓar komai.

Ina haɗa masa kaya na ci karo da wani gwangwanin madara a cikin jakarsa, yana ƙara in an girgiza. Na buɗe, ƙwallayen 'ya'yan itacen ne, a wanke, a bushe. Ashe duk wadda ya ci ba ya yar da ƙwallon. Na ce, Baba, me za a yi da waɗannan? Ya ce shukawa zai yi. Na ce ba za ta yi a Kano ba, itaciyar ƙasar sanyi ce, sai ta sha sanyin da ruwa ke daskarewa. Ya ce ya sani, abokinsa ya gaya masa. Ya ma gaya masa ko a can ƙasarsu ƙwallon yakan yi shekara ɗaya ko biyu a cikin ƙasa kafin ya tsiro, sannan a ƙara wasu shekarun kafin a ga ɗa. Na ce, to Baba, duk wannan jiran? Ya karɓi gwangwaninsa ya mayar cikin jaka, ya ce, "To sai me? Ina da wani wurin zuwa ne?"

Yanzu yana gida. Yaya ya ce ya shuka su a bayan madafi, inda ruwan wanke-wanke ke bi, ya kewaye wurin da ƙaya saboda kaji. Kullum da safe sai ya zuba musu ruwa, ya tsuguna ya duba, sannan ya shigo ya ce ina kununsa. Tare suke karyawa da Yaya, suna musu. Ya koma leƙa kasuwa da hantsi, kuma matar Yaya ta ce ta shiga uku, duk tumatirin da ta sayo sai ya juye ya zaɓe ya gaya mata an cuce ta.

Ni dai na san abin nan da wuya ya tsiro, Umma. Ban ƙara faɗa masa ba, kuma ba zan ƙara ba. Hankalina a kwance yake yadda ya daɗe bai kwanta ba. Na san yana kewarki, mu ma haka, kullum. Amma ki yi haƙuri ki ɗan ƙara jiransa, mu ba mu gama da shi ba tukuna.

Allah Ya jiƙan ki, Ya gafarta miki, Ya haskaka kabarinki. Duk lomar da kika taɓa sa wa a bakin wani, Allah Ya mayar miki da ita daga 'ya'yan itatuwan Aljanna. Allah Ya ƙara wa Baba lafiya da nisan kwana mai albarka, Ya saka wa tsohon nan na Al Buteen da alheri, Ya shirye mu baki ɗaya. In lokacinmu ya yi, Ya sa mu cika da imani, Ya haɗa mu da ke a inda babu rabuwa. Amin.

'Yarki mai kewarki,
Saude